Sabon kol rum, tirelar kifi na hanya: a kunna gobe ko a jira?

Mai Kifin Kwali:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, kuma ta gaggawa. Na gina kol rum, wato ɗakin sanyi, a bayan shagona don ajiye kifin kwali, titus da shawa da kote. An gama haɗa fanel, an rataye bulowa biyu masu hura sanyi a ciki, kwamfuresa da kwandensa suna waje, jiya aka gama waldar bututu. Tirela za ta taso daga Legas, ranar Alhamis nake sa ran ta iso Kano da katan 600 nawa. Yau Litinin. Na ce wa yaron da ya yi mini aikin ya zuba gas gobe mu kunna, ya ce sam. Wai sai ya cika bututun da naitirojin ya kwana, ya yi bakyum, wato ya zuƙe iska da danshin da ke cikin bututun, ya bar hita ta kwana, sannan a sauko da sanyin a hankali, aƙalla mako guda. Kuɗin naitirojin ɗin ma ni zan biya. Don Allah masu sana'a, gaskiya yake faɗa ko ja mini aikin yake don a ƙara masa na cefane?

Sarkin Firji:
Wa alaikumus salam Alhaji. Mako guda? Tabɗi. Na fi shekara goma ina wannan aikin. Ka buɗe gas kaɗan ya kori iskar da ke ciki, ka shafa ruwan omo a wuraren walda, in ba ka ga kumfa ba ka cika ka kunna. Kafin Laraba ɗakinka ya yi ƙanƙara. Yaran yanzu sun cika iyayi.

Baba Mai Sanyi:
Sarkin Firji, ɗana, firjin gida da na masu sayar da lemo ka saba da shi, shi ya sa. Alhaji, ka riƙe yaron nan hannu bibbiyu. Ni a ce yarona ne da na ƙara masa kuɗi.

Bari in fara da ruwan omo. Gas ɗin da ke tukunya ƙarfinsa bai kai inda injin zai kai in yana aiki da rana tsaka a watan Afrilu ba. Akwai yoyon da ba ya buɗe baki sai an matsa shi. Ka shafa omo yau ka ga lafiya lau, bayan wata biyu gas ya ragu, kwamfuresa ya fara zafi, kai kana ta ƙara gas kana zagin mai sayarwa. Shi ya sa ake cika bututu da busasshen naitirojin, ana hawa da shi mataki-mataki har inda farantin bayani da ke jikin injin ya yarda, a rufe, a rubuta abin da geji ya nuna, a dawo gobe war haka a duba.

Korar iska da gas kuwa, iskar ma ba duka take fita ba, balle danshi. Danshi shi ne maƙiyin. Ɗigon ruwa ɗaya in ya je ƙaramin ramin bawul ɗin da ke feso gas cikin bulowa ya daskare, shi ke nan hanya ta toshe. Ka kashe injin ya narke, ka kunna ya yi aiki awa biyu ya sake toshewa, har ka fara zargin ko jifa aka yi maka.

Injiniyan Bompai:
Baba ya gama magana, lissafi kawai zan ƙara. Alhaji, wane gas aka ce za a zuba? In R404A ne, kamar yadda na zata tunda ɗakin daskarewa ne, to man da ke cikin kwamfuresanka irin wanda ake kira POE ne. Wannan mai yana zuƙar ruwa daga iska kamar soso, kuma in ya haɗu da ruwa yana komawa asid, asid ɗin ya ci fentin wayar motar lantarkin da ke cikin kwamfuresa har ta ƙone. Tsohon gas R22 da man ma'adinai sun fi haƙuri, shi ya sa masu korar iska da gas suka daɗe suna tsira da ita. Wancan zamanin yana wucewa, yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa R22 a layin waɗanda za a daina, ƙasashe irin namu zuwa 2030.

Bakyum kuma da allurar geji ta yau da kullum ba a gane shi. Allurar tana kwantawa ƙasa tun aiki bai yi nisa ba. Da maikiron ake auna bakyum: iskar da muke shaƙa maikiron 760,000 ce, mu kuma so muke a sauka zuwa 500 ko ƙasa da haka, sai da gejin maikiron ake ganin wannan. In an kai, a rufe bawul a kashe famfo a zuba ido. In lamba ta hau ta ci gaba da hawa ba tsayawa, akwai yoyo. In ta ɗan hau ta tsaya, sauran danshi ne, a karya bakyum ɗin da naitirojin a sake ja. Aiki mai dogon bututu sau uku muke yi.

Abu ɗaya game da gwajin kwana ɗaya, don kada a yi faɗa a banza: naitirojin yana bin zafin gari. In ka cika bar 20 (bar ma'aunin ƙarfin gas ne) da azahar, da asuba gari ya sauka da digiri 10, za ka tarar ya ragu da wajen bar 0.7 alhali babu yoyo ko ɗaya. Ya rubuta zafin gari tare da lambar geji, ko ya duba a daidai lokacin da ya cika.

Mai Kifin Kwali:
R404A ne Injiniya, tukunyar na nan a ofis. To amma ku duba halin da nake ciki fa. Kifi ba ya jiran maikiron.

Ɗalibin Foli:
Salam iyayena. Tambaya ce da ni. Tunda naitirojin yana da tsada kuma sai an nemo shi, me zai hana a yi gwajin da tukunyar oksijin ta mai walda, tunda tana wurin?

Baba Mai Sanyi:
Kul! Kul, yaro! Kada ka ƙara ko da tunanin wannan. Oksijin mai ƙarfi in ya haɗu da mai, fashewa yake, ba ya neman ashana. Injin nan cike yake da mai. An rasa rayuka a wannan gangancin. Naitirojin ɗin ma ba a haɗa shi kai tsaye, tukunyarsa tana ɗauke da bar 150 zuwa 200, dole sai da ragileta. Allah ya sa ka tambaya a nan kafin ka gwada.

Ɗalibin Foli:
Na tuba Baba. Na gode.

Sarkin Firji:
Ni ban ce a sa oksijin ba dai. Amma ku faɗi gaskiya, cikin masu haɗa kol rum a garin nan mutum nawa ne suke da gejin maikiron? Kuma ɗakunan suna aiki. Ku kuna magana kamar a Jamus muke. Mutum ya zuba jarinsa, kaya na hanya, ku ce ya jira mako.

Hajiya Mai Kaji:
Suna aiki, Malam, amma tambayi masu su kwamfuresa nawa suka canza. Ni ba ma'aikaciya ba ce, mai biyan kuɗin ce, don haka bari in faɗi nawa. Lokacin da aka haɗa mini nawa a Kaduna, irin maganarka aka yi mini, ni ma ina ta murna an gama da wuri. An kunna da wutar layi, ya yi sanyi, na cika shi da kaji. Daren farko da aka ɗauke wuta mai gadi ya tayar da janareta ya juya canjoba, ya ji inji na ƙara ya koma ya kwanta. Ashe wayoyin janaretan biyu a juye aka ɗaura su, kwamfuresa baya yake juyawa, ƙara kawai yake ba sanyi. Da safe na tarar ruwa na bin ƙasan ƙofa. Ban rasa kajin duka ba, amma abin da na karyar na sayar a ranar ya ninka kuɗin hayar ɗaki na wata guda. Alhaji, ko me za ka yanke, kada ka sa kifi ko katan ɗaya sai an gwada injin da wutar layi, an kuma gwada shi da janareta a gabanka.

Injiniyan Bompai:
Hajiya, naki kwamfuresan irin wanda ake kira sukurol ne ke nan. Kwamfuresa mai fistin ba ruwansa da inda ya juya a yawancin lokuta, amma sukurol mai fes uku, wato mai wayoyin wuta uku, gefe ɗaya kawai yake matsa gas. In ya juya baya alamarsa a fili take: ƙara mara daɗi, allurar gejin sama (inda gas ke fita daga kwamfuresa) ba ta hawa, ta ƙasa (inda yake shiga) ba ta sauka, amfiya kuma ta yi ƙasa da yadda ya kamata. Fankokin kwandensa da na bulowa masu fes uku ma haka, sai su riƙa juyawa baya kana ganin suna aiki. Maganinsa ɗan rile ne mai lura da jerin fes, in wuta ta zo a juye ko fes ɗaya ya ɗauke, ba zai bari kwantakta, makunnin da ke ba inji wuta, ta kama ba. Kuɗinsa bai kai na katan ɗin titus biyu ba a ganina.

A auna wutar kuma tsakanin kowane fes biyu. Muna neman wajen bolt 400 zuwa 415, kuma bambancin da ke tsakaninsu kada ya wuce kashi 2 cikin ɗari. Sannan janareta: motar kwamfuresa tana jan ninki biyar zuwa bakwai na amfiyarta a lokacin tashi. Janaretan da zai riƙe injin yana tafiya ba lallai ya iya tayar da shi ba. A gwada shi lokacin da hitocin narkar da ƙanƙara suke ci ma.

Na Maraɗi:
Salamu alaikum. Mu nan gurup, wato janareta, shi ne rabin rayuwar firigo, wato ɗakin sanyi, don haka maganar Hajiya mun san ta. Abin da zan ƙara, ina aka aje kwandensa? Da yawa sai su manna shi da bango a lungu don tsoron ɓarayi, iska mai zafi ta fita ta dawo masa. A zafinmu na bazara, in gari ya kai digiri 42, gas ɗin cikin kwandensa yana haura 50, R404A kuma a digiri 50 ya kusa bar 23. Ƙara masa lungu da ƙurar hunturu da ta toshe fukafukansa, sai makunnin kariya ya dinga kashe inji. Daga nan sai wani gwani ya zo ya haɗe wayar makunnin wai yana damunsa. A yi mishi rumfa, a bar mishi fili, kuma tun ranar farko a gwada makunnin sama da na ƙasa a ga suna yankewa da gaske.

Mai Kifin Kwali:
A fili yake, akwai rumfar kwano a sama. To na ji na naitirojin da bakyum. Hitar da za ta kwana fa? Ɗakin sanyi ake nema, me ya kawo hita?

Baba Mai Sanyi:
Hahaha, Alhaji, kowa sai ya yi wannan tambayar. Ƙaramar hita ce a gindin kwamfuresa, inda mai yake kwance. Gas ɗin sanyi yana son mai, in inji na tsaye sai ya sulale ya narke a cikinsa. Kana kunnawa sai man ya yi kumfa kamar an girgiza lemon kwalba, ya bi bututu ya gudu, ƙarfe ya ci ƙarfe. Hitar tana ɗumama man don gas ya bar shi. Awa 12 mafi ƙaranci kafin tashin farko, wasu masu ƙerawa 24 suke rubutawa.

Kuma tunda an zo nan, kafin a danna komai a duba ƙananan abubuwan da suke kashe babban inji. Kusoshin da aka ɗaure kwamfuresa da su don tafiya a mota, a sassauta su ya hau kan sifirin ɗinsa, in ba haka ba girgiza za ta tsaga bututu. Bawul ɗin fita a tabbata a buɗe yake. Mai ya bayyana a gilashin dubawa, kada ya gaza kwata, kada ya cika fal. Kuma kada wani ya tayar da kwamfuresa alhali yana cikin bakyum, wuta tana tsalle tsakanin wayoyin ciki.

Tambaya ɗaya nake so ka yi wa yaron: da yana walda, ya bar naitirojin na bi ta cikin bututun a hankali? In bai yi ba, cikin jan ƙarfen ya yi baƙin ɓawo, POE kuma wanke shi yake ya kai shi daraya mai tace gas da bawul.

Mai Kifin Kwali:
Na tambaye shi yanzu. Ya ce ya yi, shi ya sa tukunyar farko ta ƙare. Ni kuwa a lokacin na ɗauka ɓarna yake.

Ɗan Ashaiman:
Gaisuwa daga Ghana. Ni a manyan ɗakunan sanyi na tashar masunta ta Tema na koyi aiki, inda ake amfani da amoniya. Can ba a ma muhawarar nan, saboda amoniya ba ta ɓoye laifi, ɗan yoyo kaɗan ido ya fara hawaye kowa ya watse. Bututun ma na ƙarfe ne, tana cin jan ƙarfe. R404A ba shi da wari, shi ya sa ake raina shi, sai ya gama zurarewa kana zaune. Kuma ya fi iska nauyi, in ya taru a rufaffen ɗaki yana iya shaƙe mutum.

Abin da nake so in ja kunne a kai shi ne gas ɗin kansa. Akwai jabu a kasuwa. A 2011 kwantenonin sanyi na jiragen ruwa sun fashe a Biyetnam da Burazil, ma'aikata uku suka mutu, da aka bincika sai aka gano jabun gas R134a ne da aka gauraya da R40, wanda ke cin alminiyon na cikin kwamfuresa ya haifar da abin da ke kama wuta in ya sha iska. Ka sayi gas inda za ka iya komawa ka yi magana. Kuma R404A haɗin gas uku ne, a ruwansa ake fitar da shi daga tukunya, a kan sikeli, a rubuta kilo nawa ya shiga.

Sarkin Firji:
Wannan na jabu gaskiya ne, ni ma na taɓa sayen tukunyar da rabinta ban san mene ne ba. To duk na ji. Naitirojin kwana ɗaya, bakyum kwana ɗaya, hita tana ci a lokacin guda in an zuba gas. Talata, Laraba, a kunna Alhamis da safe. Ina mako gudan ya fito?

Injiniyan Bompai:
Daga ƙasa ya fito. Alhaji, daɓen ɗakin fanel ne ko kankare?

Mai Kifin Kwali:
Kankare ne aka zuba a kan soson da ke tare sanyi. Sati biyar ke nan.

Injiniyan Bompai:
To yaronka ma sassauci ya yi maka. Kankare ya wuce kwana 28 ɗinsa, madalla, amma har yanzu akwai ruwa a cikinsa. In ka fizge ɗakin daga zafin Kano zuwa digiri 20 ƙasa da sifili a yini ɗaya, ruwan zai daskare ya kumbura, daɓen ya tsattsage, fanel ma su takure su buɗe a mahaɗa. Yadda ake yi, a sauko zuwa wajen digiri 2 sama da sifili a tsaya nan kwanaki, bulowa tana zuƙe danshin, har ka ga ƙanƙarar da ke taruwa a jikinta ta ragu. Sannan a dinga sauka da kamar digiri 3 a rana. Yi lissafin da kanka.

Baba Mai Sanyi:
A nan kam Injiniya zan ɗan saɓa maka. Digiri 3 a rana na manyan rumbuna ne masu faɗin filin ƙwallo. Ɗaki irin na Alhaji ni digiri 5 nake sauka da shi a rana bayan ya yi kwana uku a sama da sifili, kuma ban taɓa ganin ya tsage ba. Amma tsayawar nan ta farko ba na wasa da ita.

Injiniyan Bompai:
Na yarda Baba, kun riga mu gani. Ni dai in takardar masu fanel ta faɗi wani abu, ita nake bi, don in an samu matsala ita za a ɗauko. Ko ta naku ko ta nawa, Alhamis ba ta yiwuwa.

Kuma a duba ɗan bawul ɗin numfashi da ke jikin bango. Iska in ta yi sanyi takurewa take, ɗaki rufaffe sai ya zuƙe kansa, ƙofa ta ƙi buɗuwa, rufi ma yana iya lotsawa. Hitar bakin ƙofa da ta bututun zubar ruwa su ma a taɓa a ji suna ɗumi. A tilasta narkar da ƙanƙara sau ɗaya ana tsaye, a ga ruwan ya fita waje, a ga fanka ta ɗan jira kafin ta tashi don kada ta watsa ruwa a kan kaya.

Hajiya Mai Kaji:
Da hannun buɗe ƙofa ta ciki! Alhaji ka shiga da kanka a rufe ka, ka buɗe. Yaranka ne za su dinga shiga ɗauko kaya.

Ɗalibin Foli:
Injiniya, mu an koya mana a cika gas har kumfa ta ɓace a gilashin dubawa da ke kan bututun gas. Haka ne?

Injiniyan Bompai:
Rabin gaskiya ce. Lokacin da ɗaki ke da zafi bawul a wangale yake, gilashi zai yi ta kumfa ko da gas ya isa. In ka bi kumfar kana ƙarawa, ranar da ɗaki ya yi sanyi za ka tarar ka cika shi fiye da kima. Sai ɗaki ya kusa inda ake so ake yanke hukunci, kuma da awo. Ka ɗauki lambar gejin ƙasa ka duba a jadawali digiri nawa gas ke tafasa a wannan ƙarfin, misali R404A a wajen bar 1 yana tafasa a kusan 30 ƙasa da sifili. Sai ka auna zafin bututun da ke fitowa daga bulowa. Bambancin shi ne sufahit, muna son kamar digiri 5 zuwa 8 a nan, a bakin kwamfuresa kuma ya fi haka, don kada ruwan gas ya isa gare shi. Ɗan kwalbar da ke jiyo wa bawul ɗin feso gas zafin bututu a ɗaure shi tam a kwantaccen bututu, a gefe, kada a sa shi a can ƙasa inda mai ke bi, a kuma naɗe shi.

Alhaji, duk waɗannan lambobin ka ce ya rubuta maka a takarda: bakyum nawa, kilo nawa, amfiyar kowane fes, gejin sama da na ƙasa, inda aka saita makunnai. Ka riƙe cikon kuɗinsa har ɗaki ya yi kwana uku a digiri 18 ƙasa da sifili ko ƙasa da haka ba tangarɗa. Mai aikin kirki ba zai ƙi wannan sharaɗin ba.

Baba Mai Sanyi:
Kuma ba a fafe gora ranar tafiya, Alhaji. Ka je wajen Galadima ko cikin Sabon Gari ka nemi hayar wuri na kwana goma tun yau. Sannan ka sani ɗakin nan na ajiya ne. Kifin da ya zo a daskare zai riƙe maka shi. Wanda ya saki a hanya kuwa, in ka jibga masa katan 600, ba zai iya mayar da shi dutse da wuri ba, sai injin ya yi ta haki.

Mai Kifin Kwali:
Na gode ƙwarai. Raina bai so ba, amma na kira wani abokina mai ɗaki, ya ce zai ba ni gefe. Zan dawo da labari.

Mai Kifin Kwali:
Salam. Yau Asabar, ga yadda aka yi. Ranar Talata aka cika naitirojin, Laraba da safe aka tarar ya sauka sosai, ya wuce abin da sanyin asuba zai jawo. Sun yi wajen awa uku suna nema, ashe wata walda ce a bayan bulowa ta biyu, ta gefen bango inda hannu ba ya shiga da kyau. Ya sake ta, aka sake cikawa, aka sake kwana. Bakyum ya cinye Alhamis gaba ɗaya. Jiya aka kunna. Da aka juya kan janareta, rilen da Injiniya ya ce a sa ya ƙi barin inji ya tashi, aka duba, fes biyu a juye, Hajiya kamar kina wurin. Kifi ya iso daren Alhamis yana ɗakin haya. Nawa ɗakin yana digiri 2 yanzu, ruwa na ta ɗiga ta bututun waje.

Sarkin Firji:
To Allah ya sa albarka. Waldar bayan bulowa kam ruwan omo ba zai kai can ba, na yarda. Baba, gejin maikiron ɗin nan wane iri kake amfani da shi? Turo mini hotonsa ta gefe.

Baba Mai Sanyi:
Zan turo. Alhaji, ka shiga an rufe ka kuwa?

Mai Kifin Kwali:
Na shiga Baba. Hannun yana da tauri, na ce a gyara shi kafin a sauka ƙasa da sifili.

Hajiya Mai Kaji:
Madalla. To shawa nawa katan yanzu? In da sauƙi a ware mini ashirin.